Halimatusa'adiya da Shafin da Ya Ƙi Sunanta

A Dalijan an san ba a taka Halimatusa'adiya a kwana lafiya. Kiwon awaki take yi, kuma tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gida. Ranar kasuwa da kanta take kora dabbobinta Gwandu, don ba ta yarda da dillali.

Shekarar da ciwo ya shiga awaki, ƙungiyar makiyayan yankin ta ce za a yi allurar rigakafi, amma sai wanda ya yi rajista ta intanet. Sakataren ƙungiyar, Lukuman, mai shagon kwamfuta a Kalgo, shi ya tsara shafin. An taɓa yi masa ɓarna: wani ya cusa alamomi a gurbin suna, sunayen mambobi suka goge kakaf. Tun daga nan ya toshe gurbin, haruffa zalla yake karɓa.

Mai cajin waya na Dalijan ya gwada yi wa Halimatusa'adiya rajistar, ya sake gwadawa, shafin na maido jan rubutu cewa sunan ba daidai ba ne. Washegari ta hau mota sai Kalgo, shagon Lukuman.

"Kai ne ka ce sunana ba daidai ba?"

Lukuman bai ɗago kai ba. "Inna, na'ura ce. 'Yar alamar da ke tsakiyar sunanki, ta irinta ɓarayi ke shigowa. Mu rubuta Halima Sadiya, a wuce wurin."

Nan ya taɓo inda ke mata ciwo. Halima Sadiya maƙwabciyarta ce, ba sa ga maciji tun da suka yi rigima a kan gonar wake.

"Sunan da aka yanka mini rago a kansa za ka guntule, ka liƙa mini na waccan? Wa ya koya wa na'urar rashin kunya in ba kai ba?"

"Wanda ba zai bi tsari ba, ga hanya nan," in ji shi.

Ba ta bi hanyar ba. Ta shimfiɗa mayafi a bakin shagon, duk wanda ya fito ta tare shi da tambayar sunansa. Kafin la'asar ta tara su Isma'ila da Mu'azu da Sa'adatu, waɗanda aka datse wa suna ba su sani ba. Lukuman ya kira ta fitinanniya a gaban jama'a, ta ce masa ɗan bokon da ke tsoron ɗigon tawada. Sai da shugaban ƙungiya ya zo ya raba, ya ce a gyara shafin.

Gyaran ya ɗauki lokaci, don sai da Lukuman ya sake gina shafin ta yadda rumbun ajiyar sunayen zai ɗauki suna a matsayin suna kawai, ko da wace alama ya zo. Kafin ya gama, masu allura sun bi ta Dalijan sun wuce. Jar akuyarta mai ciki ta mutu a makon.

Lukuman ya aiko cewa shafi ya gyaru, ta zo. Ta ce a gaya masa ya yi wa uwarsa rajista. Ta fita daga ƙungiyar, wasu mata suka bi ta, yanzu su ke kiran malamin dabbobi da kansu. In tafiya ta kai ta Kalgo, tsallaka titi take yi kafin ta iso shagonsa. Shi ma in ya hango ta, sai ya saki labule.