Ranar da Talabijin Ɗin Baba Ya Ƙi Ganin Waifai

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, amma ranar da aka yaye autarmu daga jami'a ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Har yau idan na ɗauki rimot zan haɗa talabijin da intanet, sai ta faɗo mini a rai.

Autar tamu likitanci ta karanta a ƙasar waje. Ba wanda zai iya zuwa bikin a cikinmu, amma ta ce makarantarsu za ta nuna shi kai tsaye ta intanet, za a kira kowa da sunansa ya hau dandamali. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fataucin hatsi tsakanin Kurfi da kasuwannin kewaye, a lokacin idonsa ya soma rauni sosai. Idan ka miƙa masa hoto a waya, sai ya kai ta har bakin hancinsa, ya juya ta, ya ce, "To, Allah ya yi albarka," kai kuwa ka san bai ga komai ba. Saboda haka ne yayanmu ya aiko da babban talabijin irin mai shiga intanet, da 'yar rauta mai batir wadda ke ba gidan waifai. Ni da ke koyarwa a Dutsin-Ma, kuma ake ganin na yi digiri, aka ɗora wa haɗawa.

Tun ana saura mako na je Kurfi na haɗa komai a falon Baba, na gwada, ya yi. Na kashe na sake gwadawa, don ni mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya duba shi ya kuma dubawa. Na ɗora rautar a kan taga, na ce wa kowa a kula da ita, kada ruwa ya taɓa ta, don damina ce. Wannan maganar tawa, ashe, ita ce za ta dawo mini.

Ranar bikin na iso bayan azahar, na tarar falo ya cika. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, an jawo masa kujera dab da allon. Hajiya, mahaifiyarmu, ta dama fura. Kaka ma, wadda ta haifi Baba, ta kuma baro Wurma ta dawo gidanmu da zama tun shekarun baya, tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa.

Na kunna talabijin, na shiga wajen saiti, na ce ya nemo waifai. Ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya nuna babu komai. Ko sunan rautar bai fito ba.

Na ce watakila bai gama farkawa ba ne. Na kashe, na zare shi daga soket, na jira, na mayar. Babu. Na duba taga ban ga rautar ba, na tambayi Hajiya. Ta ce, "An adana ta, kuma da safe aka yi mata caji, a kunne take." Na fita tsakar gida da wayata, sai ga sunan rautar ya fito, ko da yake da ɗan layi guda. Wannan ya sa na yanke cewa ita lafiyarta ƙalau, laifin na talabijin ne. Yanzu da nake tunawa, a nan ya kamata in tsaya in yi tambaya ta biyu, amma tsoro ya riga ya toshe mini kai.

Na koma na yi ta tone-tone. Na gyara kwanan wata da agogon talabijin ɗin, don na taɓa jin cewa hakan kan hana shi haɗuwa. Na rubuta sunan rautar da hannu, na sa lambar sirri, ya ce bai same ta ba. Har na kai kan wurin da ake goge komai a mayar da shi sabo, yatsana na kan maɓallin, na fasa, don ban tabbata zan iya sake saita shi kafin a fara ba.

Kaka ta ce, "Kai maigidana, mi ake ciki? Wanga karatu naka dai na sa farar riga ne. In ba ka iyawa ka sake ni in nemi wani."

Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Baba bai yi ba. Ya ce a hankali, "Kada ka takura kanka. In bai yi ba, ka sa mini a waya in ji da kunne. Ai ji ma gani ne." Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran ya ga ɗiyarsa cikin rigar kammala karatu, shi ne ke lallashina.

Sai autar ta turo saƙo cewa sun shiga zauren taro.

A nan ne wata dabara ta faɗo mini. Layin wayata ba shi da ƙarfi a unguwarmu, ba zai iya ɗaukar bidiyo ba, amma zan iya kunna waifai ɗin wayar don gwaji kawai. Ina kunnawa, talabijin ya gan shi nan take. Ashe lafiyarsa lau, rautar ce muryarta ba ta isowa falo.

Na ce, "Hajiya, don Allah a ina aka adana ta?"

Ta nuna Kaka da haɓa. Kaka ta gyara zama, ta ce, "Ba kai ka ce kada ruwa shi taɓa ta ba? Shekaranjiya da aka yi ruwan nan mai iska, feshi na shigowa ta taga, ku duk kuna ina? Ni na ɗauke ta na kai inda ko ɓera bai isa ba."

Na bi ta zuwa ɗakinta a can ƙarshen gida. Ta durƙusa ta jawo wata babbar kwalla daga ƙarƙashin gadon ƙarfe, irin kwallar da tsofaffinmu ke ajiye duk abin da suke ji da shi. Ta buɗe murfin. Ga turarenta, ga sabulai, ga awarwaron aurenta, ga kuma rauta a naɗe cikin ɗankwali, fitilarta na ƙiftawa. Kullum da safe takan ba da ita a yi caji, ta karɓa ta mayar ta rufe. Ƙarfe ta sama, ƙarfe ta ƙasa, ga bangaye a tsakani.

Da gudu na dawo na ɗora ta a kan tebur kusa da talabijin. Na danna nema, sunanta ya fito da layukansa cike. Na sa lambar sirri, na yi kuskure, na sake. Sai ga zauren taro ya cika allon, har an fara kiran sunaye.

Da aka kira autar, ta fito tana tafiyar nan tata ta sauri, Baba ya miƙe tsaye ya matsa har ya kusa taɓa allon. Ya ce, "Ga ta nan. Na gan ta. Hajiya, kin ga ta rame?" Hajiya na share ido da gefen mayafi. Kaka ta rangaɗa guɗa, sannan ta juyo ta ce mini, "To na fasa, ka ci gaba da zama mijina. Amma ka gode mani, da ruwa ya ci ta da mi za ka kunna?"

Kuma gaskiyarta ne, na gode mata, har yau ina gode mata. Kafin wata daminar ta zagayo idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Autar ta dawo, ita ke duba shi, amma duk sanda aka yi zancenta yakan ce shi a cikin rigar nan yake ganinta.

Abin da na koya, idan ban yi kuskure ba, shi ne idan abu ya ƙi, kafin in hau zargin na'ura ko in goge komai cikin firgici, in tsaya in tambayi mutanen gida, in kuma saurari amsar har ƙarshenta. Sannan idan zan ba da amanar abu, in faɗi yadda za a kula da shi, don mai ƙaunarka zai adana maka shi ne ta hanyar da ya sani.