Kabarin Baffa a Ƙarshen Dogo

Ana sallame sallar asuba muka bar Dumega, ni da Baba da ƙanena mai shago a Dogon Dutsi. Faraku muka nufa, can ƙasar Benin. Idanun Baba sun fara dushewa, ya kuma dage sai ya tsaya a kan kabarin ƙanensa, Baffanmu, kafin su rufe. Tare suka je dako tashar jirgin ƙasa a shekarun fari, Baffa ya rasu can, kuma duk duniya Baba kaɗai ya rage da ya san inda aka sa shi.

Ƙanena bai so tafiyar ba. Mutum ne mai karatu, yana ganin addu'a daga ko'ina tana isa, wahalar da tsoho ba ta da amfani. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Na jiya, malam. Ɗauko mini sandata."

'Yan kabu-kabu suka fito da mu bakin kwalta a kan babura, muka shiga motar Doso. A Doso na nuna wa Baba layin dogon da aka shimfiɗa, wanda har yau fasinja bai ga amfaninsa ba, awaki ne ke kwance a kai. Ya taɓa ƙarfen da sandarsa. A Gaya muka tarar da gadar kogin kan iyaka a rufe, sai kwale-kwale, kuɗin ƙetarawa kuwa ya kusa na mota. Ƙanena da ke yi mana wa'azin tawakkali tun safe, shi ya fi kowa ƙanƙame gefen jirgi.

Daga Malanbil, a tsallaken kogi, ƙasa ta soma kore. A Kandi muka ci sakwara da soyayyen cuku, Baba ya ce ko miyar ba ta sake ba. A hanya ya ba mu labarin Faraku. Jirgi daga Kwatano nan yake tsayawa, dogo bai wuce ba, saboda haka duk buhun da zai shiga Nijar sai an sauke shi a ka, a loda wa babbar mota. 'Yan dako suka taru, direbobi da makanikai suka biyo su, mata suka kafa tukwane, malamai suka buɗe makarantun allo. Wanda ya zo cin rani ɗaya sai ya aika a kawo masa matarsa.

Da muka isa, na raina kaina. Benaye, asibitoci, jami'a, babura kamar fari sun sauka a gona. Tashar jirgin ce kawai ta tsufa, taragai sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye layi. Garin da ta haifa ya girma ya bar ta.

Washegari da hantsi Baba ya sa muka kai shi daidai inda ƙarfen dogo ya ƙare. Daga nan suka ɗauki makarar Baffa a wancan lokaci, suka yi gabas, suka gangara wani kwari, suka binne shi ƙarƙashin ɗorawa a cikin daji. Ya ce ƙafarsa ba ta manta ba. Muka bi shi a baya, yana tafe kafaɗarsa ta dama a karkace kamar mai ɗauke da kaya. Muka ratsa garejin makanikai da rumfunan masu sayar da waya. Gangaren yana nan, amma babu ɗorawa, babu daji. Mun tambayi dattawan unguwa, ba wanda ya taɓa jin an yi maƙabarta a wurin.

A wata mararraba, tsakiyar kwalta, Baba ya ja ya tsaya. Ya ce, "Nan munka aje shi."

Babura ta ko'ina suke ɓullowa, suna danna oda. Na kama hannunsa in janye shi, ya fizge, ya ɗaga tafukansa. Sai na ga ƙanena ya shiga gaban ababen hawa ya ware hannuwa, yana cewa, "Ku dakata, don Allah! Tsoho na gaida ɗan'uwanai." Wani ɗan babur ya kashe injinsa, na bayansa ma ya kashe. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san na yi kuka, kuma da Baba ya shafa, na ji "amin" daga bakin mutanen da ba su san sunan mamacin ba.

Mun dawo Dumega lafiya, Baba ya yi barci kusan duk hanya. Da can in an ce babban birni, benaye nake hangowa. Yanzu na san akwai 'yan Arewa a ƙarƙashin kwaltar Faraku, waɗanda suka ɗauki garin a ka buhu-buhu, ba ko alama a kansu.

Da muka sauka, Baba ya kama hannun ƙanena ya ce, "Ka riƙe wurin?"

Ya ce, "Na riƙe, Baba. Gaban mai faci, inda hanya ta rabu."

Baba ya ce, "To, yanzu ba ni ɗaya na sani ba."