Tsakuwar da Shinkafa Ke Haifa

Mu a Dakoro hatsi muka sani. Shinkafa abincin salla ce, daga kudu mahaifina ke kawo ta buhu-buhu yana aunarwa da tiya. Shekarun farko na mulkin kai ne, ina lakwal, wato makarantar boko, aji biyar.

Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya roƙi shanshera, shinkafar da ba a casa ba, hannu guda wajen Baba, ya shuka a cikin wata tsohuwar tasa. Da ta tsiro, ya aro madubin ƙara girma daga gidan likita, ya yanko ganye siriri, muka bi layi muna leƙawa. Na ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri. Ya ce saiwa ce ke jawo alli daga ƙasa, tsiron ya gama shi da wani tsami irin na yakuwa, sai ya daskare cikin ganyen. Ya ce ido ba ya ganinsu sai da madubi. Wannan na ƙarshen ne kunnena ya zubar.

Ranar kasuwa wata tsohuwa daga Kornaka ta zo tana kumfar baki, wai shinkafar Baba ta karya mata haƙori. Mutane suka taru. Ni kuwa, uban 'yan sani, na yi tsalle na hau buhu.

"Iya, ki ji tsoron Allah! Shinkafa da kanta take haifar tsakuwa tun tana tsiro. Da idona na gani a lakwal!"

Tsohuwar ta dube ni, ta ce, "To ɗana, ku ne kuka yi boko." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Baba ya shafa kaina. Ranar ko ƙasa ba na takawa don daɗi.

Daga nan duk wanda ya kawo kuka, sai Baba ya ce, "Kirawo ɗan lakwal." In zo in zuba bayani, har da alli da yakuwa.

Wata Juma'a da hantsi Inna ta aike ni ɗakin ajiya ɗauko rariya. Na tarar da Baba tsugune gaban buhu a buɗe, da kwanon farin rairayi mai tsakuwa, yana barbaɗawa yana cuɗawa da hannu. Kunya ta kama ni. Na so ko tsawa ya yi mini, ko ya ɓoye kwanon. Ko gezau.

Ya ce, "Yawwa, ka zo a daidai. Riƙe mini bakin buhun."

Na riƙe.