Igiyar da Eilert Ya Sare

Ranar Talata, sha biyar ga watan Nuwamba na 1994, da hantsi, Allah ya karɓi ran Eilert Saathoff a gidansa da ke bayan ganuwar da ke tare ruwan teku, yana da shekara saba'in da uku. Matarsa Hilke ce ta same shi zaune a kujerar kicin, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Da labarin ya iso mini ina lambu ina yankan kabeji. Na ajiye wuƙar, na zauna a ƙasa.

Eilert, fasto ya ce in rubuta layi kaɗan don takardar coci. Na ce masa shekara hamsin ba ta shiga layi kaɗan. Cikin waɗanda suka ga abin da ya faru a teku ran nan, ni Focko Ukena kaɗai na rage, kuma ba zan yarda a binne maganar tare da kai ba.

Ina zaune cikin kabejin nan, abin da ya fara zo mini a rai shi ne wa zai ɗauke ka. A garinmu maƙwabta shida ke kai mutum kabari, kuma gidan da ya fi kusa shi ke riƙe akwatin gawar a wajen kai ta dama. Wanda maƙwabcinsa ya ƙi ɗauka, an yanke masa hukunci ke nan a idon kowa, kuma ba ya da bakin kare kansa. Gidan da ya fi kusa da naka na iyalan Poppinga ne, su kuwa tun bayan yaƙin duniya na biyu ba su amsa gaisuwarka ba. Yaran garin nan sun tashi suna kiranka Mai Gatari ba su san dalili ba. To ga dalilin, su ji daga bakin wanda yake wurin.

A farkon 1943 ina zuba kwal a injin wani jirgin kaya da ya ɗauko roba daga gabas mai nisa, muna satar hanya mu dawo gida, ba fitila, ba tutar gaskiya. Tare da ni akwai Tjark Poppinga, wanda shinge ɗaya ya raba gidanku da nasu. Shi ke gasa mana burodi. Da muka kusa ruwan da jiragen Ingila ke gadi, aka turo jirgin ƙarƙashin teku ya yi mana rakiya. Wata safiya muka ga abin ya ɓullo daga ruwa, baƙi ƙirin, mutane suka fito ta samansa da gemu buzu-buzu, fuska fari fat kamar ba su taɓa ganin rana ba. Na hau sama shan iska ke nan sai na ji an ƙwala kira da harshen garinmu:

"Kai, Baƙin Tukunya! Ruwa ya kewaye ka ko'ina, amma wanka ya gagare ka?"

Na leƙa, na ce, "Eilert? Wa ya cusa ka cikin gwangwanin kifi?"

Tjark ya fito da gari a hannu yana tsalle. Ka ce masa burodinku ya yi gashi kore, sai kun aske shi kuke ci. Ya cika buhu da burodi mai zafi, aka zura muku ta igiya. Na ga ka kafa hanci cikin buhun, ka daɗe ba ka ɗago ba.

Rakiyar ba ta yi mana maganin komai ba, kuma ba laifinku ba ne. In kun nutse ba kwa iya gudunmu, in kun tsaya a sama ana ganinku a gan mu. Ranar da jirgin yaƙin Ingila ya ɓullo, daga nesa ya tsaya yana harbi, inda makaminku ba ya kaiwa. Kyaftin ɗinmu ya bi umarnin da aka ba shi tun farko: muka buɗe wa jirginmu ruwa da hannunmu, muka sauka cikin kwalekwalen ceto biyu. Mutanen Ingila ba su tsaya kwasarmu ba, don sun san kuna ƙasa. Da suka tafi kuka taso.

Cikin jirginku ba wuri. Masu rauni kawai aka shigar. Mu saura aka ɗaura kwalekwale na farko a bayanku, na biyu a bayan na farko, kuna janmu zuwa gaɓar Faransa. Ni ina na farko, Tjark yana na biyu. Kyaftin ɗinku ya faɗa mana ƙa'ida da babbar murya, kowa ya ji: in jirgin sama ya zo, za a sare igiya, ku nutse, in ya wuce ku dawo. Jiƙaƙƙiyar igiya mai jan nauyi ba ta kwantuwa, kuma in kuka nutse da ita a ɗaure, mu duka za ta ja ƙasa. Aka ba ka gatari aka tsayar da kai a baya. Ba kai ka nema ba. An ga kana da ƙarfin hannu ne.

Jirgin saman ya zo da rana tsaka, ta cikin gajimare. Ni ne a gaban kwalekwale, na ga fuskarka sarai. Sara ɗaya ka yi. Ana ta yi maka ihu ka shigo a rufe ƙofa, amma sai da ka juyo ka ce, "Kada ku rabu! Za mu dawo!" Bam ya faɗi a ruwa, igiyar da ke tsakaninmu da na biyu ta tsinke, iska ta taso, kafin la'asar ba ma ganinsu. Kun dawo kamar yadda ka ce, kuka same mu. Su kuwa aka yi ta nemansu har mai ya kusa ƙarewa, ba a gan su ba. Ka ƙi sauka daga wurin tsaro, gishiri ya kumbura maka idanu har sai da aka ɗauke ka da ƙarfi.

Ba yaƙin nake wankewa ba. Mu muka tayar da shi, ba mu da gaskiya, kuma jirage irin naku sun aika 'ya'yan mutane da yawa ƙarƙashin ruwa. Kai da bakinka ka sha faɗar haka a lokacin da wasu ba sa son ji. Magana ɗaya nake wankewa: saran nan shi ya bar ni da rai, ni da duk wanda ke kwalekwalena.

Amma labari ya riga mu isowa gida, kuma ya iso a gajarce: Eilert ya sare igiyar da Tjark ke kai. Mahaifiyarsa ta sa aka ƙulle 'yar ƙofar shingen da ke tsakaninku. Yayarsa Taalke, wadda ta goye shi, ta daina kallon inda kake. Na yi bayani a gidan giya, na yi a bakin coci, har kujera na taɓa karyawa a kan maganar. Kai kuwa ko uffan. In na matsa maka sai ka ce, "Ni na sare, Focko. Me kake so in ce mata?"

Na ce, "Ka ce mata dole ce."

Ka ce, "Ta sani. Sanin bai dawo mata da shi ba."

Haka ka zauna kusa da su duk tsawon ranka, alhali an yi maka tayin aiki a birnin Emden har da gida. Kowace kaka kai ke yashe magudanar da ta ratsa gonakinku, ka yashe naka ka wuce ka yashe nasu, ba wanda ya ce sannu. A ambaliyar shekarar sittin da biyu kai ka shiga gidansu, ruwa har ƙugu, ka goyo tsohuwar, mahaifiyar Tjark, zuwa tudun coci, tana dukan bayanka tana cewa ka sauke ta. Ba ka sauke ta ba sai a kan busasshen benci, ka cire kwat ɗinka ka lulluɓe ta, ka juya.

Masunta sun san ka da gyaran inji. Mutum zai kawo maka wanda ya mutu murus, ka saurare shi kamar likita, ka ce, "Ba abin da ya same shi, mai shi ne rago." Abu ɗaya ne ba ka yi: ba ka ƙara sa wuƙa a igiya ba. Ko zaren ƙunshin kaya ne, sai ka zauna ka kwance shi da farce, Hilke tana tsaye da almakashi tana tsaki. Lokacin da matata ke jinya a asibiti, kai ke kai ni a motarka kullum, ka zauna a waje ka jira. Ranar da ta cika, ka kai ni gida, ka hura murhu, ka soya mini ƙwai, ka tsaya sai da na cinye.

Sau ɗaya ka taɓa nuna mini abin na cinka. Muna dawowa daga jana'izar wani, sai ka ce, "Nawa akwatin zai karkata ta wajen kai." Ka yi dariya, ni ban yi ba.

Hilke ta so ta huta da zancen. Ta ce za ta ɗauko masu ɗaukar gawa na haya daga birni, kada a yi abin kunya. Na ce mata ba za a kai ka kamar baƙon da teku ya jefo ba. Na sa hulata na nufi gidan Poppinga.

Taalke ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ka zo wa'azin naka?"

Na ce, "Na zo shan shayi. Ko an daina ba baƙo a gidan nan?"

Ta jefa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba, ta zauna nesa da ni. Na fara daga farko kamar kullum, sai ta ɗaga hannu.

"Na haddace, Focko. Gatari, jirgin sama, dole. Kai ka gan shi a kwalekwalen?"

"Wa?"

"Wa kuwa? Ƙanena."

Na ce na gan shi. Yana kwarfe ruwa da kwanon gasa burodi, don shi kaɗai ya ɗauko daga jirgin, yana zagin wani da ya taka masa ƙafa.

Ta ce, "Akwai wata rigar sanyi, shuɗiya."

"Tana jikinsa. Ya nannaɗe hannun."

"Ya yi masa tsawo," in ji ta. "Na ce ya bari in rage, ya ce jirgi ba zai jira ni ba."

Ta tashi ta juya mini baya tana goge tukunyar da ba ta da datti. Na shanye shayina, na ce jana'iza ranar Asabar ce.

Ranar Asabar aka fito da kai ƙofar gida. Mutum biyar suka tsaya a wurarensu, wajen kai ta dama ba kowa. Garin duka na kallo, ƙararrawar coci tana bugawa. Hilke ta sunkuyar da kai. Na miƙa wa wani sandata, na je na kama hannun akwatin. Na san ba zan kai ko bakin titi ba, amma na ce gara in faɗi da kai a ƙasa da a ce wurin ya tafi a wofi. Sai na ji hannu a kafaɗata. Ubbo ne, ɗan Taalke, cikin baƙar kwat, yana haki.

Ya ce, "Matsa, Kawu, kada mu binne mutum biyu. Wurinmu ne."

Akwatinka ya tafi daidai, Eilert, tun daga ƙofa har kabari. Da muka zo wucewa ta gidansu, Taalke na tsaye a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Ba ta bi mu ba. Da na zo daf da ita ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kada ka je kana cewa na yafe. Maƙwabci ne." Na yi mata alkawari, ga shi na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah ya jiƙanka, abokina. Ya gafarta maka abin da ka yi da saninka da wanda aka ɗora maka, ya sauke maka nauyin da ka ƙi bari kowa ya taya ka ɗauka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ya jiƙan waɗanda ke kwalekwale na biyu, da duk wanda teku ya ci a yaƙin nan, namu da na waɗanda muka yaƙa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hilke, wadda ta zauna da shirunka shekara da shekaru ba ta gaji ba, da 'ya'yanku da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ina kuma miƙa ta ga Taalke Poppinga. Da aka ce Tjark ya ɓata ba a buga masa ƙararrawa ba, ba wanda ya ɗauke shi, kuma garin nan ya shagala da neman mai laifi har ba wanda ya shiga gidan ya zauna ya ce mata sannu. Taalke, sannu da rashi. Allah ya jiƙan Tjark.