Ranar da Kawu Ya Kwance Igiyar Jirgina

Ko da tsufa zai cinye mini komai a ka, ranar da na sayi jirgin sama a Nguru ba za ta fita ba. Lokacin gyaɗa na tashe, mulkin kai bai zo ba tukuna, ni kuwa ina da motar lodi tsakanin Gashua da tashar jirgin ƙasa. Ƙuruciya da ɗan abin hannu sun haɗu mini, kaina sai hayaƙi yake.

Akwai wani Bature makanike a reluwe da ya ƙera ɗan jirgi da hannunsa, na katako da yadi. Kujera biyu gare shi, gaba da baya, kowace da sandar tuƙinta, don malami da ɗalibi. Zai koma ƙasarsu ƙarshen shekara, ya ce in na saya zai koya mini kafin ya tafi. Ni da yashin hanyar Gashua ya gama ci mini rai, ai ban ko yi shawara ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin shanu ne a kasuwar Gashua, shi ya riƙe ni tun ina maraya. Da ya ji labari ya ce, "Ɗan nan, ba ka iya ciniki ba. Da ni za a je." Ya shigo mota da sabuwar igiya a kafaɗa. Na yi dariya na ƙyale shi.

A fili, Kawu ya zagaya jirgin yana latsa cikinsa kamar mai duba bijimi, har aka yi sallama. Jirgin ba shi da birki, shi ya sa aka ɗaure wutsiyarsa a turke. Bature ya zaunar da ni a ciki ni kaɗai, ya nuna mini totur, ya ce, "Tura ka ji ƙarfinsa. A ɗaure yake, ba ya zuwa ko'ina." Ya juya farfela da hannu, inji ya kama, ya koma gefe.

Abin da mu biyu ba mu sani ba, a wajen su Kawu ba a karɓar dabba da igiyar mai sayarwa, wai tafiya ce da arzikinsa. Yana can baya ya kwance ta Bature, zai ɗaura tamu. Daidai nan na tura totur har ƙarshe.

Jirgi ya zabura. Na ga Bature ya wuce ta gefena baki buɗe, hannu biyu a ka. Innalillahi! Duk abin da aka nuna mini ya gudu daga kaina. Gaba gare ni layin goruba ne a ƙarshen fili, suna matsowa, ƙafafun jirgin kuma sun fara tsalle suna barin ƙasa. Na san in ya tashi ba mai sauko da shi, in bai tashi ba goruba na jirana. Wallahi na sadaƙar, sai kalmar shahada nake.

Can na ji jirgin na fizga gefe guda. Na waiga. Kawu ne, dattijo mai furfura, ya rungume wutsiyar ta hagu, ana jan sa a ƙasa, rigarsa ta yage, yana ihu, "Tsaya! Tsaya, ɗan banza!" Da jirgin yake, ba da ni ba. Nauyinsa ya karkatar da mu, muka bar layin goruba muka afka tudun yashi. Farfela ta tarwatse, inji ya mutu, na daki katako da baki, haƙora biyu suka tafi.

Na fito da rarrafe na iske shi kwance, fatar gwiwoyinsa ta sale, ƙugunsa ya goce. Na ce, "Kawu, don me ba ka saki ba?"

Ya dube ni da ƙyar ya ce, "In saki? Kana ciki fa."

Jirgin bai ƙara tashi ba, ban kuma koyi tuƙi ba. Kawu bai sake shiga kasuwa da ƙafarsa ba, ni na riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci har Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga ranar na gane, in za ka kawo baƙon abu cikin mutanenka, kada ka tsaya kan naka sanin. Ka zauna ka yi wa wanda ya biyo ka bayani, domin in abin ya ɓaci, shi ne zai sa jikinsa.