Layin Wayar da Na Mayar

Shekara huɗu na yi ina tallar iri da maganin feshi na wani kamfani. Manoman Bakolori da na Damri, har Maradun, ni suke kira idan tsutsa ta faɗa wa albasa. Akwai wani Alhaji mai babban shagon kayan noma a Talata Mafara, duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, yaushe za ka dawo wurinmu?" Har lemo yake sa a kawo mini.

Ni kuwa gani nake cin amana ne in nemi aiki wajen wani ina cin albashin wani. Sai na ajiye nawa tukuna, na mayar wa kamfani babur ɗinsu da layin wayarsu, na goge kaftanina na nufi shagon Alhaji.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Layin nan da manoma ke kiran ka, yana hannunka ko?"

Na ce, "Na kamfani ne, Alhaji, na mayar."

Ya ce kasuwa ta yi sanyi, in leƙo bayan girbi. Ranar ko ruwa ba a ba ni ba.

Wata biyar ina zaga shaguna, kowa tambayarsa ɗaya, me na yi aka kore ni. Na rantse har na gaji. Wata rana haushi ya sa na kira tsohon layin nawa. Wani ya ɗauka da fara'arsa, ya tambaye ni eka nawa zan fesa.