Gidan Ashanar Tica Bawa

Ku da kuka san Tica Bawa kun san aljihunsa. Bai taɓa shan taba ba, amma duk mai koko a Zango ta san za ta ajiye masa gidan ashana idan ya ƙare. A ciki yake zuba ƙwari. Kun tuna ranar da gyare ya kama kuka a aljihunsa ana tsakiyar sujada? Da aka sallame, liman ya harare shi. Tica ya ce, "Malam, shi ma tasbihi yake yi."

Maganarsa ɗaya ce: "Mu gani!" Ka ce masa wuta na da zafi, sai ya ce mu gani.

Ran Asabar yakan kai mu, mu 'yan ajinsa, daji bayan Asokore Mampong, a ƙafa. Wata rana muka roƙe shi mu hau mota. Ya ce, "Mota tana tsayawa don tururuwa?" Wallahi rannan tururuwa muka bi har azahar, da yunwa!

A can ya ba ni wata koriyar tsutsa a gidan ashana, ya ce in riƙa ba ta ganye, za ta zama malam-buɗe-littafi. Babana mai sayar da goro ne, dama neman dalilin cire ni daga boko yake. Yana ganin tsutsar ya aika a kira Tica.

"Wannan ne karatun? Kiwon tsutsa?"

"Alhaji, mako biyu. Za ta yi fiffike."

"To. In ba ta yi ba, Salisu ya dawo rumfa."

Mako biyun nan ko tuwo ba na jin daɗinsa, don ina son makarantar nan kamar raina. Ranar ta zo, 'yan goro suka taru a rumfa. Tica ya gyara hula, ya ja gidan ashana. Sai ga ƙudaje uku, baƙaƙe, buuu! Tsutsa kuwa sai ɓawo.

Na fashe da kuka. Tica fa? Tsalle ya yi!

"Ei! Allahu akbar! Ƙuda ya yi ƙwai a jikinta! Alhaji, na yi kuskure! Salisu, rubuta: Tica ya yi kuskure!"

Yana bin ƙudajen tsakanin huhunan goro, hula ta faɗi. Baba ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa kuka nake yi na gaske. Da ya nitsu ya ce, "Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ganin babban mutum ya ce ya yi kuskure yana murna ba. Salisu, koma wurinsa."

Shi ya sa na yi karatu, ni ma na zama tica. Gidan ashanar nan yana wurina har yau, ba komai a ciki, kuma ba na iya buɗe shi ban yi kewarsa ba.

Allah ya jiƙan Tica Bawa. Duk abin da aka gaya mana na rahama, Allah ya sa yanzu ya gani da idonsa.